Filin Kimiyya: Yadda lantarki ke tona asirin tsatsa

A aji mun koyi cewa ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu a kansa. Shi ya sa ake shafa wa gadoji da tankunan ruwa da bututun mai fenti, don ya raba ƙarfen da danshi.

Sai dai fenti kan yaudari ido. Za mu gan shi sumul yana sheƙi, alhali ruwa ya ratsa ta ƙananan ramukan da ba a gani, tsatsa tana cin ƙarfen ta ƙarƙashi. Kafin fentin ya kumbura ya ɓare, ɓarna ta yi nisa.

Mu ɗauki Gadar Forth ta ƙasar Sikotland, wadda aka buɗe a 1890, jiragen ƙasa suna bi ta kanta a saman ruwan gishiri. Sabon fentin da aka gama yi mata a 2011 ya ci kusan shekara goma ana aiki. Ta yaya za a gane irin wannan fenti yana kare ƙarfe ba tare da an kankare shi ba?

Injiniyoyi suna da dabara. Sukan manna ɗan kofi marar gindi a kan fentin, su zuba ruwan gishiri, su tsoma sandunan awo a ciki, sannan su haɗa waya da ƙarfen. Na'ura sai ta tura lantarki mai kai-komo ɗan kaɗan, kamar milibolt 10 zuwa 20. Batirin tocila kuwa milibolt 1,500 ne. Tana sauya saurin kai-komon, daga sau 100,000 a daƙiƙa har zuwa sau ɗaya a daƙiƙa 100, tana auna yadda fentin ke turje wa lantarkin.

Mu tuna dokar Ohm: in turjiya ta yi yawa, lantarki kaɗan ne ke wucewa. A kai-komo mai jinkiri, fenti mai lafiya kan nuna fiye da ohm biliyan ɗaya a murabba'in santimita guda. In awon ya faɗo ƙasa da miliyan ɗaya, ruwan gishiri ya samu hanya zuwa ƙarfen, lokacin gyara ya yi tun ido bai ga komai ba.

Aikin wannan mako: ku samo ƙusa biyu, ku yi wa duka fenti, ku karce ɗaya, ku jiƙa su a ruwan gishiri kwana bakwai. Ku rubuto mana inda tsatsa ta fara.