Bayan Hannu Ba Ma'auni Ba Ne

A tagar da nake ba da magani, da wuya rana ta faɗi ban ji wata uwa ta ce, "Likita, jikinsa zafi rau, a ba ni na maleriya" ba. In na tambaye ta nawa zafin ya kai, sai ta nuna mini bayan hannunta. Ba na ganin laifinta, domin hannun uwa ne ke fara gane yaro ba shi da lafiya. Sai dai fata ba kullum take faɗin abin da ke cikin jiki ba.

Dalili shi ne fata tana bin yanayi. Manomin da ya wuni a gona a yankin Ɗambatta ko Kunci, goshinsa zai yi zafi alhali lafiyarsa lau. Da hunturu kuwa, mai zazzaɓi sosai yana iya zuwa da goshi mai sanyi. Haka nan a farkon zazzaɓi, lokacin da ake rawar sanyi, jijiyoyin jinin fata kan tsuke, tafin hannu da ƙafa su yi sanyi, alhali ciki yana ƙuna.

Wannan rauni ya shafi har na'urar nan mai kama da bindiga da ake saitawa a goshi, wadda ta bazu lokacin Ebola a 2014 da Korona a 2020. Zafin da fata ke fitarwa take karantawa, sannan ta ƙiyasta na ciki. Gumi, iska da rana duk suna ruɗa ta. A wata damina an kawo mana yarinya a kan babur bayan an sha ruwa. Goshinta ya nuna digiri 36.5. Da ta huta aka sa mata ma'auni a hammata, sai ga 39. Da an tsaya ga goshi, da an sallame ta.

Saboda haka ra'ayina shi ne: na goshi na tantance jama'a ne a ƙofa, amma in za a yanke hukunci kan maras lafiya, a koma hammata. Ya kamata kowane gida da kowane kemis, daga Bici har Makoɗa, ya mallaki ƙaramin ma'aunin zafi mai batir. Ya fi na gilashi aminci, domin ruwan da ke cikin na gilashi guba ne in ya fashe.

Ga yadda za ka yi. Goge hammatar ta bushe, sa bakin ma'aunin a tsakiyarta, ka matse hannun yaro a jikinsa har na'urar ta yi ƙara. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, digiri 37.5 zuwa sama a hammatar yaro zazzaɓi ne. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, zazzaɓi ko sanyin da ya gaza 35.5, duka alamun haɗari ne. A garzaya da shi asibiti. Ka auna kafin ka ba da farasitamol, ka rubuta lambar da lokacin, domin maganin kan ɓoye zafi na awa 4 zuwa 6.

Ka kuma tuna ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Tun 2010 hukumar ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya. Ƙyanda, sanƙarau da nimoniya duk da zafin jiki suke zuwa. In kuwa ka ga jijjiga, amai ba tsayawa, ko ƙin kama nono, kada ka jira wata lamba.

Hannu ya yi gargaɗi, ma'auni ya tabbatar. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.