A bar mai lodi ya yi aikinsa

Ran Laraba na leƙa kasuwar shanu ta nan Potiskum, na tarar ana gardama a gindin wata tirela mai zuwa Legas. Mai lodi ya ce ta cika, mai shanu ya dage sai an cusa biyu a baya.

Wani abokina da ya yi dakon kwale-kwale zuwa Baga ya taɓa ce min, in jirgi ya gota gefe a kan mota, ko da taƙi ɗaya ne, direba a sitiyari zai ji. To jirgi ke nan da ba ya motsi, ina ga bijimi? In nauyi ya rinjaya baya ko gefe guda, a kwana motar ke kwanciya. Ga yaranmu masu rakiya zaune a saman bodi, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Su wa ya tambaye su?

Na san kuɗin mota ya yi tsada, ban ce falke ba shi da hujja ba. Amma ni dai a ganina, in mai lodi ya ce ta cika, direba ya ja ƙofa ya rufe, ko Alhaji ya yi fushi.