Halal Ƙofa Ce, Ba Ɗaki Ba

Sanin kowa ne cewa alhajin Gaya ko na Ajingi, idan ya sauka Makka ko Madina, da wuya ya dawo bai ci abinci a gidan abincin mutanen Pakistan ba, saboda yawansu a unguwannin da alhazai ke sauka. A can ba ya tambayar wanda ya yanka ragon, domin wannan magana a rufe take. Abin da yake dubawa shi ne ko shinkafar biriyani ta nuna ba ta caɓe ba, ko yaji bai danne ɗanɗanon nama ba, ko kuma an kawo masa gurasa da zafinta daga tanderu, kamar yadda ya saba da ita a Kano. Inda ya sami haka tare da sakin fuska, nan zai koma gobe, har ya ja abokan tafiyarsa.

To, ashe halaccin abinci sharaɗi ne na farko kawai. Mai tuwo a tashar mota ko mai tsire a kasuwar Gaya, babu mai shakkar yankansu. Amma idan ƙuda na bin nama, aka wanke kwano hamsin da ruwa ɗaya, aka kuma miƙa wa baƙo abinci da ɗaurin fuska, an tauye masa haƙƙi, ko da malami ne ya yi yankan. Shari'ar da ta wajabta bisimilla wajen yanka, ita ce ta hana algus da ƙazanta. Hausawa kuwa tuni suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.