Waiwaye: Tsakanin Ruwa da Bakin Jirgi

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, sai aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville. Manyan motoci suka yi jerin gwano a ɓangaren Benin har tsawon makonni, amma mutane ba su fasa tafiya ba. Falke yana da bashin biya, ɗan ci-rani yana da iyalin da ke zuba ido ga aike, ɗalibi yana da jarrabawar da ba ta jiran kowa. Sai kowa ya gangara bakin kogin Isa ya nemi kwale-kwale. Ko da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata gefen ba, jiragen katako suka ci gaba da ɗaukar abin da gada ta saba ɗauka: mutane, babura, buhunan hatsi, jarkokin mai.

Cikin masu tsallakawar nan har da namu 'yan Arewa ta Nijar, mutanen Dogon Dutsi da Matankari da Dankasari, da na Tibiri da Dumega da Kore Mai Ruwa, waɗanda hanyar Doso zuwa Gaya ce ƙofarsu ta zuwa Kwatano da sauran biranen gaɓar teku. Mu kuwa mutanen tudu ne. Dallol Mawri da ya ratsa ƙasarmu kogi ne da ya daina gudu tun dubban shekaru, ruwansa ya koma ƙarƙashin ƙasa. Abin da muka sani shi ne rijiya, da ƙoramar da ke tasowa bayan ruwan sama ta wuce kafin la'asar, da tabkin damina irin Tapkin Saw na Dogon Dutsi. Ba'are yana iya yin furfura ƙafarsa ba ta taɓa rabuwa da ƙasa a cikin ruwa ba. Maƙwabtanmu Kabawa ba haka suke ba. Wanda ya taɓa ganin kabanci a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ya ga yadda saurayi ke faɗawa Matan Fada ya yi nutso, ya ɓullo, ya dafa bakin jirgi ya haye kafin ka ƙifta ido. Tun yana yaro yake yin haka sau ba adadi. Namu yaron bai taɓa gwadawa ba, kuma ranar da zai fara gwadawa ita ce ranar da ransa ke hannun Allah.

Duk lokacin da jirgi ya kife, maganar da ake yi iri ɗaya ce. A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi ya dare a kogin nan dai, kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi, ɗauke da sama da mutum 150, waɗanda aka tsamo da rai ba su kai 30 ba. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, a madatsar ruwan Watari ta Bagwai a jihar Kano, mutum 29 suka rasu, akasarinsu 'yan makarantar Islamiyya da za su je Mauludi. Aka yi magana kan lodin da ya wuce kima, da tsufan jirage, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Gaskiya ne duka, kuma tsanin hawa jirgi da nake son in yi magana a kansa ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu. Amma akwai wani ɗan lokaci da ba a cika tsayawa a kansa ba, shi ne lokacin da mai taimako ya iso. Mutum yana da rai, ya kama bakin jirgi da hannu biyu, ana ganin fuskarsa, ana jin muryarsa. Saura kamu ɗaya ko biyu ya tsira. Wannan ɗan tsakanin ne ya dame ni, domin a nan ne wanda ya iya iyo da wanda bai iya ba suke zama ɗaya.

Dalilin a jiki yake. Muddin mutum yana cikin ruwa har wuya, ruwan ne ke ɗauke da shi, kusan ba shi da nauyi. Da zarar ƙirjinsa ya fara fitowa, nauyin sai ya dawo, kuma duk ya tattaru a damatsa. Ƙafafu, waɗanda su ne ƙarfin ɗan Adam wajen hawa, ba su da abin takawa. Yana jan jikinsa sama, su kuma suna zamewa ƙarƙashin jirgin, sai ya koma rataye, bayansa na kallon ƙasa, ga katako mai santsin gansakuka. Namiji mai kilo 70 da ya ƙoshi ya huta, da wuya ya ɗaga kansa da hannu kaɗai a kan reshen bishiya. To ina ga wanda ya sha ruwa, ya firgita, ya yi mintoci yana kokawa da igiyar ruwa, wataƙila kuma cikin sanyin hunturu da ke kashe yatsu?

Ga kuma tufafi. Babbar riga ko zane da hijabi ba sa jan mutum ƙasa yana cikin ruwa kamar yadda ake zato, amma suna ɗaure ƙafa, kuma a daidai lokacin fita sai su zama kaya, domin duk ruwan da suka sha tare da shi zai hawo. Mata sun fi shan wannan wahala. Mace mai goyo ba ta da hannu biyu ma, ɗaya yana riƙe da ɗanta.

Na cikin jirgin kuwa, zuciya ce ke gaya musu su ruga gefen da ake kururuwa. Kwale-kwale siriri ne. Mutum guda da ya rataya a gefensa ya isa ya karkata shi, in aka ƙara uku da suka sunkuya suna miƙa hannu, sai bakin jirgin ya sha ruwa. Haka masu ceto ke komawa abin ceto. Wanda ke nutsewa kuma ba ya cikin hayyacinsa, duk abin da hannunsa ya samu maƙale shi zai yi, ko wuyan ɗan'uwansa ne.

Ƙasashen da ake yawan wasa da ƙananan jirage sun sha wannan darasi da gawawwakinsu, har suka mai da shi doka. Dokar Tarayyar Turai ta 2013 kan jiragen shaƙatawa ta wajabta a ƙera kowane jirgi da hanyar sake hawa, kuma ta gindaya sharaɗin da na fi so a cikinta: dole wanda ke cikin ruwa ya iya kai hannu ga abin hawan, ko ya sauko da shi da kansa, ba tare da taimakon kowa ba. Sun lura cewa tsanin da ke naɗe a cikin akwati ba shi da amfani ga matuƙin da ya faɗa shi kaɗai. Ƙa'idar masu ƙera jirage ta Amurka kuma ta ce matakin ƙarshe ya nutse inci 22 a ƙarƙashin ruwa, wato sama da rabin mita. Tsanin da ya tsaya daidai fuskar ruwa ado ne kawai, domin wanda ya gaji ba zai iya ɗaga ƙafarsa zuwa ƙirjinsa ba. Ana so ƙafa ta sami mataki tun jiki yana miƙe.

Ba sai mun jira tsanin ƙarfe mai ƙyalli daga Turai ba. Igiya mai kauri, irin wadda ake jan wasaki da ita, da guntayen itace huɗu masu ƙwari, sun isa. Sai dai akwai abubuwan lura. Itace yana tasowa saman ruwa, saboda haka matakin ƙarshe yana son a ɗaura masa guntun ƙarfe, ko a yi shi da bututun ƙarfe gaba ɗaya, don ya nutse da kansa. A ɗaure tsanin a jikin katakon da ya gitta jirgin, wanda ake zama a kai, kada a rataya shi a ƙusa. A bar wata igiya mai ƙulle-ƙulle daga cikin jirgin ta zama abin kamawa, domin wanda ya hau mataki biyu yana buƙatar abin da zai ja a gabansa, ba bakin jirgi da ya riga ya zo masa ciki ba. Tsanin igiya yana da aibinsa, yakan lanƙwashe ya shige ƙarƙashin jirgi idan aka taka. Maganinsa mai hawa ya miƙe jikinsa, ya manne da katakon, ya tura da ƙafa maimakon ja da hannu. Inda akwai mai walda, kuma babu babbar kasuwa a Arewa da ba shi, tsanin rodi mai ƙugiya biyu da za a saƙala a bakin jirgi ya fi, tunda ba ya lanƙwasa. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya ƙulla zobe a bakin igiya ya zura shi cikin ruwa, mai hawa ya sa ƙafa a ciki kamar likkafa.

Sauran aikin na matuƙi ne. Ya tunkari mutumin ta ƙasan ruwa, goshin jirgi yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, don kada ruwa ya tura jirgin a kansa. Da an matso, a kashe inji ɗungurungum, domin farfela ba ta san ƙafar mutum ba. A fara jefa abin da ke yawo a kan ruwa, jarkar da aka toshe bakinta ko gora irin ta masunta, ya rungume ya sami numfashi. Fasinja kowa ya zauna ƙasa, biyu ko uku su jingina ta ɗaya gefen, mutum ɗaya tak ya karɓi mai hawa. In waɗanda ke cikin ruwa suna da yawa, kada a bar su su hau tare. Igiyar da aka zagaya jikin jirgi da ita ta waje, tana ɗan lilo, tana iya riƙe mutum goma a ja su a hankali zuwa inda ƙafa ke taɓa ƙasa, alhali hawan uku a lokaci guda zai kifar da kowa. Wanda ya suma kuwa ba shi da abin yi da tsani. A kama gefe ɗaya na taru ko tamfol a bakin jirgi, a zura sauran ta ƙarƙashinsa, a ja ɗaya gefen, sai ya mirgino ciki a kwance. In ba ya numfashi, a hura masa iska a baki a danna ƙirji, kada a ɓata lokaci wajen juya shi ƙafa sama ko matsa masa ciki wai don ruwa ya fita. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau yake, a kai shi likita.

Na san amsar da fasinja zai samu in ya tambaya a bakin mashaya. Ka ce, “Maigida, in mutum ya faɗa, ta ina zai hawo?” Sai a ce maka, “Haba malam, Allah ya kiyaye, kada ka yi mana mugun baki.” Wani ma ya ji haushi, ya ga kamar ka raina sana'ar da ya gada. Ina girmama Sarkawa da sarakunan ruwa, sun san kogin nan fiye da duk wani mai takarda. Amma saninsu a jikinsu yake, ba a jikin matar da ta taso daga Dankasari da goyo ba. Tsanin ba don matuƙi ake yin sa ba, don ita ake yi.

Kuma mu 'yan Arewa bai kamata wannan magana ta zama baƙuwa gare mu ba. A kan tudu, inda rijiya ke da zurfin gaba da yawa, ba mai haƙa ko mai yasa da ke sauka sai ya yi bisimilla, sannan ya duba igiyarsa, ya san su wa ke riƙe da ita a sama, ya san ta yadda zai fito. Ba wanda ya taɓa ce masa ya rasa tawakkali.

Matsalar ma ta biyo mu har gida. Kududdufan da aka haƙa don yin tubali, da ramukan da masu aikin hanya suka ɗebi jar ƙasa suka bari, suna cika da damina. Bakinsu a tsaye yake, laka ce mai santsi. Yaron da ya ɗan iya iyo yakan kai gaɓa lafiya, ya kasa fita, ya yi ta zamewa har ƙarfinsa ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi ci. Daminar 2024, wadda ambaliyarta ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta nuna cewa ruwa mai zurfi yana iya zuwa inda ba a saba da shi ba. Turke a bakin kududdufi da igiya mai ƙulli da ta sauka har cikin ruwa, ko a sassare gefe ɗaya ya zama gangare, aikin yini guda ne ga samarin unguwa in mai gari ya yi kira.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yuli, tun daga 2021, a matsayin ranar yaƙi da nutsewa a ruwa, kuma ranar tana faɗowa tsakiyar daminarmu, lokacin da tabkuna suka cika. Da hukumomin Gaya da shugabannin matuƙa za su yarda, a ranar sai a fito da jirage kusa da gaɓa, inda ruwa ya ɗan wuce tsayin mutum, masu iyo suna tsaye a shirye. A sami babban mutum, ba saurayin masunci ba, ya shiga da tufafinsa, da igiya a ƙugunsa, ya gwada hawa shi kaɗai. In ya kasa, a ƙara wa tsanin mataki ɗaya ta ƙasa a sake gwadawa, har sai ya hau. Jirgin da ya ci wannan gwaji a shafa masa fenti a goshi, yadda fasinjan da ya sauko daga motar Doso zai gane shi tun daga nesa.