INCI 65 A ƊAKIN ƘAFA 12: INA MARUBUTANMU SUKE?

Wata sabuwar gasa ta shigo ƙauyukanmu na arewacin Kano, wadda ba a taɓa shelanta ta a kasuwa ba, amma kowane saurayi mai shirin aure ya san da ita. Gasar kuwa ita ce ta girman akwatin talabijin da yawan lasifikokin da za a jera a ɗakin amarya. Daga Koguna zuwa Maitsidau, daga Satame zuwa cikin garin Makoda, idan mata suka dawo daga ganin ɗaki, tambayar farko ita ce, "Filasmar tata inci nawa ce?" ta biyu kuma, "Da hom-tiyata?" Ina da ja a kan wannan al'ada, kuma wani kaso na laifin yana wuyan wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla tamu.

Bari mu fara da awo, domin awo ba ya son kai. Ɗakin da mafi yawan magidanta ke ginawa a karkara shi ne wanda magina ke kira sha biyu sha biyu, wato ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi. Gado ya cinye ƙafa 6, ga kujeru, ga sif, ga jeren kwanuka. Incin talabijin kuwa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, don haka mai inci 65 faɗinta ya kai santimita 144, ta kusa ƙafa 5 ke nan. To, a ina mai kallo zai zauna? Sai dai ya zauna dab da ita, yana juya wuya dama da hagu kamar mai kallon dambe a sahun gaba.

Mai shago a Sabon Gari zai ce maka ai wannan 4K ce, ko ka matso kusa hotonta garau yake. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Talabijin ba ta ƙirƙirar hoton da ba a aiko mata ba. Da yawa daga tashoshin kyauta da dish ke kamawa, da finafinan da ake tura wa mutane a memori a shagunan caji, ƙaramin hoto ne aka matse. A allon waya ko a inci 32 sai ya fito tsaf, amma da an shimfiɗa shi a inci 65 sai fuskar jarumi ta dame kamar zanen da ruwa ya taɓa. Mutum ya sayar da ɗan maraƙinsa a kasuwar Dambatta ranar Lahadi, ya sayo abin da zai ƙara girman aibin hoto.

Mu koma kan kayan sauti. Abin da ake kira 5.1 lasifika biyar ne da wufa ɗaya mai fitar da gurnani. Ƙa'idarsa ita ce uku a gaba, biyu a gefe ko bayan mai kallo, don sautin ya kewaye shi. Ku shiga ɗakunan amarenmu ku gani: duk shidan an ɗora su wuri guda a gaban talabijin, an jera su kamar kwalla, domin masu ganin ɗaki su ƙirga. Sautin da aka saya don ya kewaye mutum bai kewaye kowa ba. Haka kuma shirin da aka haɗa sautinsa da hanya biyu, dama da hagu, ba zai zama mai hanya biyar na gaskiya ba don an ƙara akwatuna.

Wanda sautin ke kewayewa da gaske shi ne maƙwabci. Waɗannan na'urori an ƙera su ne don faffaɗan falo mai kaurin bango da silin. Mu kuwa a ƙasar Makoda gida na jingine da gida, sashen ƙane na jingine da na wa, tsakanin ɗakin amarya da na surukarta wani lokaci bango ɗaya ne, rufin kuma kwano ne mai amsa amo. Gurnanin wufa ba ya jin bango. Tsoho ya wuni a gona yana noman gero ya dawo zai runtsa, ɗalibi na bitar karatu da fitila, mai jego ta samu jariri ya yi barci da ƙyar, sai kwanon rufi ya kama rawa da kiɗan Indiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babba na iya jure ƙarar desibel 80 har awa 40 a mako, na yaro kuwa desibel 75. Yaran da ke kwance a tabarma dab da wufa, wa ke auna musu?

Sai batun wuta. Kowa ya san yadda wutar Nepa take a karkara, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta don kallo ya zama aikin masu hali. Ƙaramar talabijin tana iya tafiya da ɗan faifan sola da batir ɗaya. Babba kuwa, ga dikoda, ga hom-tiyata, cin wutarsu ya ninka, sai an ƙara faifai da batir da inbata, kuɗin da mai shago ba ya ambata lokacin ciniki. Shi ya sa za ka tarar da tafkekiyar filasma manne a bango an lulluɓe ta da mayafi saboda ƙura, mai gida da matarsa kuma kowa ya duƙufa a kan wayarsa yana kallon YouTube. An yi wa rogo kallon kitse.

Na san abin da za a ce. Za a ce, kuɗinsa ne, ina ruwanka? Za a ce, shi manomi bai cancanci jin daɗi ba ne, sai ɗan birni? Wallahi ya cancanta, ya ma fi kowa cancanta, don shi ke ciyar da mu. Ba na cikin masu cewa talabijin fitina ce a jefar da ita. Tun da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV, har zuwa buɗe Arewa24 a 2014, akwatin nan ya kawo wa Bahaushe labarai da wasan kwaikwayo da harshensa, kuma wannan alheri ne. Abin da nake ja da shi shi ne sayen kaya don idon jama'a, a bar ɗaki da aljihu da maƙwabci su biya. Wanda ya sayi inci 32 ko 43 da lasifika biyu masu kyau, ya haɗa da solar da za ta riƙe su, zai yi kallo kullum. Wanda ya ci bashi ya sayi inci 65 zai yi kallo ran da aka kawo wuta. A cikinsu wa ya ji daɗi? Daidai ruwa, daidai tsaki.

Yanzu na zo kanku, 'yan'uwana marubuta. Daga ina yarinyar da ba ta taɓa shiga falon attajiri a Nasarawa ba ta san cewa darajar mace a gidan miji ana auna ta da faɗin allo? Ku buɗe littattafan da ake rubutawa, na takarda da waɗanda ake karantawa a rediyo da waya. Da jaruma ta taka gidan Alhaji, marubuci zai tsaya cak ya kwashe shafi guda yana lissafin kaya: talabijin ta cinye bango, sauti na tashi ta ko'ina, sanyin na'ura na ratsa jiki. Halin Alhajin kuwa layi biyu ya ishe shi. Wannan tallar kaya ce kyauta, ba siffantawa ba, kuma rago ne ke fakewa da ita don ya kasa gina hali.

Kada mu manta, tsakanin alƙalami da allo akwai tsohuwar dangantaka. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna zuwa fim, har masana'antar ta samu sunan Kannywood a 1999. Abin da marubuci ya rubuta shi darakta ke ɗauka, abin da darakta ya ɗauka shi amarya ke nema a wurin ango. Idan falon da muke rubutawa kullum na Dubai ne, kada mu yi mamaki in saurayin Makoda ya jinginar da gonar gado don ya kwaikwaye shi.

Ga ƙalubale gare ku, musamman sababbin marubuta. A rubuta mana ɗakin amaryar karkara yadda yake, da filasmar da ke lulluɓe, da takardar bashin da ke ƙarƙashin katifa, da surukar da ta kasa barci amma kunya ta hana ta magana. Akwai labari a nan wanda ya fi na falon Alhaji nauyi. A kuma riƙa sanya kantar littattafai a ɗakin jaruma ko da sau ɗaya ne, domin abin kunya ne a ce masu neman a sayi littafi su ne ba sa tuna shi in suna jera ɗaki.

Kai kuma ango, kafin ka hau motar Kano, auna bangonka da igiya, ka ƙirga awannin wutar garinku, ka tuna wanda ke kwana a bayan bangon nan. Allah Ya sa mu gane, amin.