Katangar Gidan Gado



Damina tana tona asirin gidan gado. A nan Jahun, da zarar ruwan Agusta ya jiƙa katangar laka, sai tambaya ta taso: wa zai biya gyara? Babban wa ya ce ɗakinsa ba ya yoyo. Ƙane ya ce shi kaɗai yake biyan kuɗin wutar KEDCO. Matar marigayi kuwa ta yi shiru, tana tsoron kada a ce ta tattara 'ya'yanta ta fita. Ambaliyar 2022 ta rushe gidaje da yawa a Jigawa. Gini kam ana sāke shi, amma zumuncin da ya rushe ya fi wuyar tayarwa.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓani zai zo, abin dubawa shi ne yadda masu bi za su kashe shi.

A Luka 12, wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gādo da shi. Ubangiji bai karɓi alƙalancin ba, sai ya gargaɗi taron game da haɗama. Kafin mu auna fili, mu fara auna zuciyarmu.

Sa'an nan mu bi matakan Matiyu 18. Ka sami ɗan'uwanka ku biyu kaɗai. In bai ji ba, ka tafi da mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, a kai wa ikkilisiya. Mu kuwa sau da yawa da ƙarshe muke farawa: unguwa ta ji, Facebook ya ji, ɗan'uwan ne na ƙarshen ji. Maƙwabtanmu Musulmi suna gani, kuma a garin da ba mu da yawa, rigimar gida ɗaya takan ɓata shaidarmu duka.

Muna kuma cewa a rubuta yarjejeniya: ɗakin wane, rabon kuɗin gyara, yashe masai, da wanda za a fara yi wa tayi in wani zai sayar da rabonsa. Dattawan ikkilisiya da mai unguwa su sa hannu. Wasu za su ce rubutu rashin yarda ne. To, annabi Irmiya daga hannun ɗan'uwansa ya sayi gona a Anatot, duk da haka ya rubuta takarda a gaban shaidu, aka adana ta cikin tulu (Irmiya 32).

In zaman ya gagara, a rabu lafiya. Ibrahim ne babba, amma ya bar Lutu ya fara zaɓa (Farawa 13).

Matasa, kada mu gāji gabar iyayenmu tare da ɗakunansu. A makon nan, je ka gai da baffan da aka daina gaisarwa.

Ubangiji, ka sa gidajenmu su zama mazaunin salamarka. Amin.