Kiɗan Yana Nan, Makaɗin Ne Ke Ɓacewa

Da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe wayar Nokia a farkon shekarun 2000 sun saurari MIDI, ko da ba su san sunansa ba, domin a wayoyi da dama kiɗan da ke tashi idan kira ya shigo shi ne. Tsari ne da masu ƙera kayan kiɗa suka fito da shi a 1983. Bambancinsa da MP3 shi ne babu sauti ko ƙanƙani a cikin fayil ɗinsa. Umarni ne zalla: a danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, a sake shi bayan lokaci kaza. Sai an samu makaɗin da zai karanta umarnin kafin kunne ya ji wani abu, kuma a kwamfuta makaɗin nan manhaja ce mai haɗa sauti.

A nan gizo ke saƙar. Take ɗaya ne, amma yadda mai kukuma zai fitar da shi daban, na mai garaya daban. Bobby Prince ya tsara kiɗan wasan kwamfuta na Doom, wanda ya fito a 1993, da akwatin sauti na Roland SC-55. Wanda ya kunna kiɗan da manhajar Microsoft GS Wavetable Synth, wadda ke zuwa cikin Windows, kwatankwacinsa kawai zai ji: sautukan na Roland ne, amma an matse su cikin fayil da bai kai megabayit 4 ba, jita ta rame, ganga ta rasa kauri.

Shi ya sa wasu ke farautar tsofaffin manhajoji irin su Yamaha S-YXG50, mai ɗaruruwan muryoyi da amsa-kuwwa na tsarin XG. Yamaha ta daɗe da yin watsi da ita. Masu sha'awa ne suka yi mata kwaskwarima har take aiki a kwamfutocin yau, ba tare da an biya su ko sisi ba. Ita ma Roland ta fitar da Sound Canvas VA a 2015, sannan ta daina sayar da ita a 2024. A ganina, kamfanin da ya daina cin riba da manhaja, ya kuma ƙi sakin ta, rowa yake yi da abin da ba zai ci ba.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen na ƙetare ne kaɗai. Da fiyanon Yamaha PSR aka kaɗa waƙoƙin finafinan Hausa masu yawa a Kano, kuma wasu samfuran fiyanon kan adana aiki a faifan floppy a matsayin MIDI. Duk faifan da ya rage a lokar wani tsohon situdiyo, ranar da aka buɗe shi, sai an nemo masa muryoyin Yamaha kafin ya yi amon da mai shi ya ji sa'ad da yake tsara shi.